Bangi: Aiki A Birni, Jinya A Gida

Garin Bangi shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Mariga ta Jihar Neja, yana kuwa arewa maso gabas da Kontagora, a cikin ƙasar Mai Martaba Sarkin Sudan. Matafiyin da ya nufi garin yakan ratsa gonakin dawa da masara da gyaɗa da wake, ga kaɗanya da ɗorawa a tsaitsaye a tsakiyarsu, ya wuce rugagen Fulani da ƙananan ƙauyukan manoma. Ƙasa ce mai albarkar noma da kiwo. Kasuwar shanu ta garin Mariga sananniya ce ga fatake daga nan har Kudu, makiyayar Bobi ma a cikin wannan ƙaramar hukuma take, haka nan Kotonkoro da Kumbashi da Gulbin Boka da Beri. Hausawa da Fulani da Kamukawa da Kambari da Acifawa ne ke zaune tare, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa da na asibiti. Faɗin ƙasar ya haura murabba'in kilomita 5,000, a ƙidayar 2006 kuma an sami mutane kusan 200,000 a cikinta. Mai karatu ya riƙe wannan faɗi a ransa, domin zancen da ke tafe a kansa ya rataya.

Tun bayan da Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Kontagora wajen 1864, garin ya zama cibiyar wannan yanki. Turawa sun ci shi a 1901, an kuma ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 aka kai hedkwata Minna, amma har yau in mutumin Bangi ya ce za shi birni neman magani, galibi Kontagora yake nufi. In abin ya gagara can, sai a miƙa Minna ko Kaduna ko Sakkwato ko Kano.

Daga cikin abubuwan da ke kai dattawan ƙasar birni akwai yanar ido. Jama'a da yawa sun ɗauka yana wata fata ce da ke tsirowa a kan ido daga waje, wadda za a iya ɓare ta kamar ɓawon albasa. Ba haka abin yake ba. A cikin ido, bayan ɗan baƙin nan na tsakiya, Allah Ya halicci wani ɗan madubi garau, bai fi ƙwayar wake girma ba, shi ke tattara haske. Idan shekaru suka tura, ko ciwon sukari ya kama mutum, ko ido ya bugu, sai madubin ya fara dushewa, mutum ya riƙa ganin duniya kamar cikin hazon hunturu, har ya kai ga ba ya rarrabe komai sai dare da rana. Babu ɗigo, babu sassaƙe, babu tozalin da ke wanke shi. Sai dai a fid da shi.

Tsakanin 2005 da 2007 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, tare da ƙungiyar Sightsavers da masana daga Landan, ta yi binciken makanta a duk faɗin Nijeriya, aka duba idon mutum fiye da 13,000 'yan shekara 40 zuwa sama. Aka tarar kimanin 4 cikin 100 makafi ne, watau a lissafi mutum fiye da miliyan ɗaya. Yana ce ta makantar da kashi 43 cikin 100 nasu, hawan jinin ido yana biye da ita da kusan kashi 17. Wannan suna na biyu zai sake dawowa nan gaba.

Binciken ya tono wani abu kuma. Daga cikin idanun da aka taɓa yi musu wani aiki saboda yana, fiye da kashi 40 cikin 100 ba a asibiti aka yi ba. Masu yawon nan ne gari-gari, waɗanda ke sa tsinke su ture madubin ya faɗa can cikin ido. Nan take haske ya shiga, tsoho ya ga inuwar mutane, a yi kabbara, a biya mai aiki ya ƙara gaba. Bayan 'yan kwanaki ko makonni sai ido ya yi ja, ya kumbura, ya ɗauki ciwo, mai aiki kuwa tuni ya yi nisa. Kusan uku cikin huɗu na idanun da aka yi wa haka, binciken ya same su a makance. An sayar da kare an sayi biri ke nan.

Ba yau masana suka fara neman hanyar da ta fi wannan ba. Kimanin shekara dubu da suka wuce wani likita Musulmi, Ammar ɗan Ali, mutumin Mausil wanda ya zauna a Masar, ya ƙera allura mai rami a ciki wadda yake zuƙe yana mai taushi da ita. A 1949 kuma wani likitan Ingila, Harold Ridley, ya fara sa madubin roba a gurbin wanda aka cire, a asibitin St Thomas na Landan. Aikin da ake yi wa mutumin Bangi a yau jikan waɗannan ne. A yi allurar kashe ciwo a gefen ido, a yi ɗan tsagi, a fid da madubin da ya dushe, a zura na roba, a rufe da auduga da filasta. A hannun gwani bai cika wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin ba, mutum kuwa yana farke yana jin maganar likita.

Mai hali yakan tafi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, wanda 'yan mishan suka buɗe tun 1943, ko asibitin Makkah na Kano. Talaka kuwa sai ya jira ranar da aka yi shela a rediyo ko a masallaci cewa gwamnati, ko wata ƙungiyar agaji, ko wani mai hannu da shuni, ya kawo likitoci za a yi aikin ido kyauta. Ran nan sai a ga tsofaffi daga Bangi da ƙauyukanta a bayan babur da a-kori-kura, kowa da ɗan jagora. Washegarin aiki a kwance filasta. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar da ta shekara uku ana jan ta da sanda ta ɗaga kai ta gane fuskar jikanta, ya san ba a banza ake yi wa masu wannan aiki addu'a ba.

To, a nan ne mafi yawan labaran da ake bugawa suke tsayawa, a ɗauki hoto, a faɗi adadin waɗanda aka yi wa aiki. Alhali kuwa tsugune ba ta ƙare ba. Likita ya yi nasa cikin minti ashirin, sauran aikin na mako huɗu zuwa shida ne, kuma a Bangi za a yi shi, ko a wani ƙauye da ke bayan Bangi, da 'yar kwalbar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

Dalili shi ne, ido nama ne, duk naman da aka yanka kuwa sai ya kumbura. Jiki ba ya rarrabe wuƙar likita da ƙaya. Da an taɓa ido sai ƙananan jijiyoyin jini su saki, ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta su kwararo cikin ruwan da ke gaban ido, ruwan da ya kamata ya zama garau ya gurɓace. A hannu ko ƙafa irin wannan kumburi ba wani abu ba ne, yakan sauka da kansa. A ido kuwa wuri ya yi ƙanƙanta. In aka bar shi sai ido ya yi ja, ya riƙa hawaye, mutum ya kasa kallon haske, naman da ke kewaye da ɗan baƙin ido ya manne da sabon madubin. Wani lokaci kuma, bayan wata guda ko fiye, ruwa ya taru a tsakiyar shimfiɗar nan ta bayan ido wadda ke ɗaukar hoto, mutumin da ya riga ya fara gani ya ga abubuwa sun sake dushewa. Mai ciwon sukari ya fi shiga wannan haɗari, haka nan wanda idonsa ya taɓa kumbura a da, da yara, da wanda ya bar yana ta nuna ƙwarai kafin a yi aiki, irin yadda dattawan karkara suka saba. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna kuma baƙar fata sun fi yawan samun kumburin da ke daɗewa ko ya dawo bayan an daina magani.

Maganin da ke kwantar da wannan kumburi shi likitoci ke kira sitiroyid. Asalinsa jikin ɗan Adam ne ke yin irinsa, daga wasu 'yan ƙullutai biyu da ke saman ƙoda. A 1948 wani likita, Philip Hench, a asibitin Mayo na Amurka, ya yi wa wata mata da ciwon gaɓoɓi ya kwantar allurarsa, cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. A 1950 aka ba shi lambar Nobel tare da Edward Kendall da Tadeus Reichstein, ba a daɗe ba kuma likitocin ido suka mai da shi ɗigo. Waɗanda aka fi bayarwa a ƙasar nan su ne deksametason da firednisolon da betametason, sau da yawa a haɗe da maganin kashe ƙwayoyin cuta a kwalba guda. Dangin ƙwayar nan ce da wasu 'yan mata ke sha don su yi ƙiba, da kuma abin da ake cakuɗawa cikin wasu mayukan sauya launin fata. Wanda ya ga abin da waɗannan ke yi wa jiki in aka daɗe a kansu, ya san maganin ba abin wasa ba ne.

Ƙa'idarsa ita ce a fara da yawa, a riƙa ragewa sannu-sannu. Likitoci sun bambanta, kowa kuma yana duban idon da ke gabansa, amma abin da aka fi sani shi ne sau huɗu a rana, ko fiye, a makon farko, sa'an nan sau uku, sau biyu, sau ɗaya, har a daina cikin mako huɗu zuwa shida. Wannan duka ana rubuta shi a 'yar takarda da Turanci, a miƙa wa tsohon da bai taɓa shiga aji ba, a cikin hayaniyar mutum ɗari masu jiran sallama. Ma'aikatan jinya da suka san aikinsu ba sa tsayawa nan. Akan ji nas tana tambaya, "Baba, wa zai riƙa ɗiga maka a gida?" In ya ce akwai jikansa, sai ta ce a kira yaron, ta sa shi ya ɗiga a gabanta. Wasu kuma sukan ɗaura maganin a kan lokutan salla, su ce da Asuba, da Azahar, da Magariba, da lokacin kwanciya, su yi zane huɗu a jikin kwali. Agogon da tsoho ba ya mantawa da shi ke nan.

Ɗigon ma kansa sana'a ce. Tsoho mai rawar hannu, wanda ɗaya idon ma yana gare shi, da wuya ya saita kwalba. Rabin maganin a kunci yake ƙarewa, kwalbar wata guda ta ƙare cikin kwana goma. Sai mai ɗigawa ya wanke hannu da sabulu, ya ja fatar ƙasan ido, ya saki ɗigo ɗaya tak, kada bakin kwalba ya taɓa ido ko gira. Ɗigo ɗaya ya isa, ido ba ya riƙe fiye da haka. In magani iri biyu ne, a ba da tazarar minti biyar tsakaninsu don kada na biyu ya wanke na farko. Mai farin ruwan nan kamar madara, watau firednisolon, sai an girgiza shi sosai kowane lokaci, domin garin maganin kwantawa yake yi a ƙasa kamar gasara. Wanda bai girgiza ba, ruwa kurum yake ɗigawa a makon farko, lokacin da ido ya fi bukata.

Sai kuma zaman gida. Galibi da rani ake shirya irin wannan aiki, bayan an kai amfanin gona gida, hanya ta bushe, mutane sun sami sarari. Amma lokacin ne kuma na ƙura da iskar hunturu, da sussuka da shiƙa a kowane tsakar gida. An gaya wa tsohuwa ta nisanci hayaƙi da ƙura, to, in kishiya ba ta nan, suruka ta tafi biki, wa zai hura wuta? An ce ta ajiye kwalli, ga shi kuwa ta shekara sittin ba ta fita unguwa ba tare da shi ba. An ce kada ruwa ya shiga idon har mako ɗaya ko biyu, sai tsoho ya tsaya yana tunanin alwala. Duk waɗannan tambayoyi ne masu amsa, in an yi su a gaban likita da malami kafin a baro asibiti, sai dai kunya da sauri sukan hana.

In aikin ya faɗo kusa da watan azumi, wata matsalar ta taso. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanen ƙasar ke bi, abin da aka sa a ido da rana in ya kai maƙogwaro ya ɓata azumi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi kuwa, a taronta na Jidda a 1997, ta ce ɗigon ido ba ya karya azumi muddin mutum bai haɗiye abin da ya kai maƙogwaronsa ba. Akwai wata 'yar kafa a lungun ido ta wajen hanci, ta nan hawaye ke bi ya sauka, shi ya sa ake jin ɗacin magani a baki. In aka rufe ido aka danne wurin da yatsa minti ɗaya ko biyu bayan ɗigo, maganin yakan tsaya a inda ake son sa. Fatawa dai ta malamai ce, Shari'a kuma ta yi wa marar lafiya rangwame. Abin da bai dace ba shi ne tsoho ya yanke wa kansa hukunci shiru, ya bar ɗigon rana gaba ɗaya, ba malami ya sani, ba likita.

Kuskure biyu ne ke jiran mai jinya, ɗaya a farkon hanya, ɗaya a ƙarshenta. Na farko shi ne saurin dainawa. Bayan kwana biyar ko shida ja ya tafi, ido ya washe, sai mutum ya ce ai ya warke, ya ajiye sauran maganin don wata rana. Wutar kuwa toka ce kawai ta rufe ta. Bayan 'yan kwanaki kumburi ya dawo, wani lokaci fiye da na farko, a fara cewa aikin bai yi kyau ba, ko wani ne ya yi baki.

Na biyu ya fi muni, domin ba ya ciwo. Mutum ya ji daɗin ɗigo, idonsa fari tas, sai ya ba yaro kwalbar da ta ƙare ya kai kemis a sayo irinta. Mai kemis ba zai tambayi takardar likita ba. Haka za a yi wata uku, wata shida. Cikin ido akwai ruwa mai shiga yana fita ta wata 'yar magudana, sitiroyid kuwa yana iya toshe magudanar nan a idon wasu mutane, ruwa ya taru ya matse jijiyar gani. Wannan shi ne hawan jinin ido da aka ambata a baya, ko da yake ba jini ba ne ke hawa. Tun cikin shekarun 1960 wasu likitocin Amurka biyu, Armaly da Becker, suka nuna cewa in aka yi mako huɗu zuwa shida ana ɗiga irin wannan magani, wajen mutum ɗaya cikin uku matsin idonsa yakan ƙaru, kimanin 5 cikin 100 kuma yakan yi tsananin hawa. Wanda ke da cutar a danginsa ya fi shiga haɗari. In an gano da wuri, a rage maganin ko a sauya shi, matsi yakan sauka. In ba a gano ba, gani ya riƙa zaizayewa daga gefe-gefe, abin da jijiya ta rasa kuma ba ya dawowa har abada. Yana akan cire ta, wannan kuwa ba shi da aikin da zai maido da shi.

Ba yadda za a yi mutum ya san matsin idonsa a gida. Sai an auna da na'ura, lafiyayye yakan kasance tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likita, na'urar kuwa ba kowane asibitin karkara ke da ita ba, balle wanda ya iya aiki da ita. Shi ya sa ake cewa a dawo bayan mako ɗaya ko biyu, a sake dawowa bayan mako shida. A takarda magana ce mai sauƙi. Ga mutumin da ke zaune a bayan Kotonkoro ko Kumbashi kuwa, dawowa na nufin kuɗin babur zuwa bakin hanya, da kuɗin mota na mutum biyu zuwa da komowa, da abinci, da yinin ɗan rakiya da ya tafi a banza. Ido yana gani, ba ya ciwo, to me za a je yi? Likitocin da suka yi aikin ma wataƙila sun koma Kano ko Kaduna tun washegari.

Ga kuma abin da ya fi kuɗin mota. Ƙasar Mariga ta haɗa daji da Zamfara da Kebbi da ƙasar Birnin Gwari, ta kuma sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da mutane. A 2021 an kwashe ɗalibai a Kagara cikin Fabrairu, aka sake kwashe 'yan Islamiyya a Tegina cikin Mayu, duka a Ƙaramar Hukumar Rafi mai maƙwabtaka. A irin wannan ƙasa tafiya sai an tambayi labarin hanya, dare kuwa ba a marmarinsa. Akwai ko wata larura da ba ta jiran gari ya waye. Wani lokaci, ko da yake ba ta cika faruwa ba, ƙwayar cuta takan shiga cikin ido bayan aiki, galibi a makon farko. Alamarta ita ce ciwo mai ƙaruwa maimakon raguwa, ganin da aka samu ya fara komawa baya, fatar ido ta kumbura, ko a ga mugunya. Wannan ba kumburin da ɗigo ke kwantarwa ba ne, ƙara ɗigo ɓata lokaci ne kawai. Sai an kai mutum ga likitan ido a ranar, a yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta a cikin idon. Kwana biyu na jinkiri ya isa a rasa shi.

Ragowar maganin ma tana da nata tarihin. Hausawa ba su iya rowar magani ba. Maƙwabci ya shigo idonsa ja, sai a ce, "Malam, ga wanda aka ba Baba a Kontagora, yana da kyau ƙwarai." In ciwon Afolo ne mai wucewa, wataƙila a tsira. Amma da kaka, lokacin da ganyen dawa ko ƙaiƙayi ke karce idon manomi, raunin yakan ɗauki ƙwayar cuta irin ta fumfuna. In aka ɗiga sitiroyid a kan wannan, an kwance wa cutar ɗauri ke nan, domin maganin kwantar da masu yaƙin jiki yake yi. Ja ya ragu kwana biyu, mutum ya yi murna, gyambo kuwa yana ci ta ƙarƙashi har ya bar hakiya, ko ya huda idon. Haka nan yaran da ke fama da ƙaiƙayin ido kowace bazara, waɗanda iyaye ke saya musu irin wannan ɗigo shekara da shekaru: wasu sukan kamu da hawan jinin ido tun suna ƙanana, wasu kuma yana ta fito musu, domin maganin da ake bayarwa bayan an cire yana shi kansa yana kawo ta in an daɗe a kansa. Kwalbar da aka buɗe, bayan mako huɗu ba ta da wurin zama sai masai.

Likitoci a duniya sun daɗe suna neman yadda za su raba marar lafiya da wahalar ɗigo. Wata hanya ita ce a yi allurar wani sitiroyid mai daɗewa, tirayamsinolon, a ƙarƙashin farar fatar ido tun a kan gadon aiki, ya riƙa narkewa a hankali har makonni. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wasu sababbi biyu, Dexycu wanda ake sawa a cikin ido, da Dextenza wanda ake cusawa a 'yar kafar hawaye, amma tsadarsu ta sa ba zancen Bangi ba ne. Allurar farko kuwa mai araha ce, kuma in aka duba halin tsohon da ba shi da mai ɗiga masa, sai a ga kamar don shi aka yi ta. Sai dai tana da nata cikas. Ɗigo in ya ta da matsin ido akan daina shi a ranar. Abin da aka riga aka zuba a ƙarƙashin fata kuwa, fid da shi sai an sake ɗan tsagi. Ashe ita ma ba ta ɗauke wa mutum komawa a auna shi ba. Akwai kuma wani ɗigon rage kumburi wanda ba sitiroyid ba, da likitoci kan haɗa wa masu ciwon sukari, amma ƙarin kwalba ƙarin kuɗi ne da ƙarin rikicewa.

A nan ne ya kamata masu shirya aikin ido kyauta su sake lissafi. Sadakarsu babba ce, ba mai musun haka. Amma a yi wa mutum ɗari biyar aiki a watse, ba a san nawa ne ke gani bayan wata biyu ba, wannan rabin sadaka ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sauya ma'auni: a taronta na 2021 ƙasashe sun amince cewa abin ƙirgawa shi ne waɗanda aka yi wa aiki suka kuma sami gani mai kyau, aka sa burin ƙara maki 30 cikin 100 a kan wannan kafin 2030. Wanda ya iya ɗauko likitoci daga Kano ya ajiye su mako guda, ba zai gaza aiko da ma'aikacin jinyar ido ɗaya da na'urar awo zuwa Bangi ran kasuwa ba, sau biyu, a mako na biyu da na shida. Ba zai gaza ba da kwalba biyu maimakon ɗaya ba, da takarda da Hausa, boko da ajami, da lambar wayar da za a kira in ido ya ɗauki ciwo. Tsoho ɗaya ya yi tafiyar awa guda zuwa Bangi ya fi sauƙi da ya yi ta yini guda zuwa birni.

A zuwan nan na mako na shida ne kuma ake gwada tabarau. Madubin roba ba ya lanƙwasawa kamar na yaro, galibi akan saita shi ne don hangen nesa. Tsohon da aka yi wa aiki zai hango shanunsa a bakin fadama, ya gane mai sallama tun daga ƙofar zaure, amma in ya buɗe Alƙur'ani, ko tsohuwa ta ɗauki faifai za ta tsince tsakuwa a shinkafa, sai an ƙara musu da tabaran karatu.